Daga Kaduna zuwa Tsibirin Gobir da iyali a motar haya

Surukata ta haura shekara arba'in a Tudun Wadan Kaduna, amma har gobe in ta ce "gida", Tsibiri take nufi, garin Sarkin Gobir da ke gefen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Sau biyu na raka ta can, ni da uwargida da yara uku. Tafiyar farko mun ji jiki, ta biyu kuwa sai ka ce Zariya muka leƙa. Abin da na koya a tsakani shi zan shimfiɗa a nan, don magidancin da ke shirin kai iyalinsa ganin dangi ko ganin gari.

Abu guda ne ke yaudarar mutanenmu a wannan tafiya. Can ma Hausa ake yi, tuwo ɗaya, alƙibla ɗaya, rabin mutanen Maraɗi suna da 'yan uwa a Katsina. Sai mutum ya shirya kamar zai je Funtuwa, ya manta ƙasar wasu zai shiga, mai dokarta da kuɗinta da jami'anta. Gwauro zai iya kutsa kai haka ya wanye lafiya. Mai tafe da tsohuwa da ƙananan yara ba shi da wannan gatan.

Takardu, tun saura wata biyu

A da, katin ɗan ƙasa ko takardar tafiya ta ECOWAS kan isar wa mutum. Sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka a watan Agusta, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, ita da Mali da Burkina Faso. Tun daga nan binciken takardu ya ƙara tsauri. Shawarata ita ce kowa ya riƙe fasfo cikakke, ɗan kore, wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya mutu. Kowa na ce, har na goye, domin yanzu ba a liƙa yaro a fasfon uwarsa. Ba a yin fasfo sai da lambar NIN, to yaran da ba su da ita da nan za a fara, kuma a tabbatar sunan da ke NIN shi ne a takardar haihuwa, harafi da harafi. Kuɗin ba kaɗan ba ne: daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Gida mai mutum shida sai a yi lissafi tun da wuri.

Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wanda 'yan tasha ke kira yalo kat. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, sannan a je ofishin lafiya na masu fita waje a karɓa. Allurar sau ɗaya ake yinta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai ta kwana goma a jiki, don haka wanda ya yi ta jiya ya taho yau bai yi komai ba. Yaran da aka kai rigakafin wata tara an riga an yi musu, a tafi da katin asibitinsu a nuna. Jaririn da bai kai wata tara ba, ba a yi masa, katin asibitin shi ne shaidarsa.

In uwa ce za ta tafi da yara ba tare da uban ba, ko kaka da jikoki, a rubuta takardar amincewar uba, ya sa hannu da lambar wayarsa, a haɗa da kwafin katinsa. Ana sa ido sosai kan safarar yara a wannan hanya, kuma jami'in da ya tsaya yi wa tsohuwa tambaya kan yaran da sunan ubansu ya bambanta da nata aikinsa yake yi. A yi kwafi bibbiyu na komai, a ɗauki hotonsu a waya. Na asalin su zauna a jaka ɗaya, a jikin mutum ɗaya, kada a kuskura a sa su cikin akwatin da za a ɗaure a bayan mota.

Kwana biyu kafin tashi, a kira wani a Katsina ko Maraɗi, ko a tambayi direbobin layin, a ji halin da iyaka ke ciki a wannan makon. Dokar bakin iyaka tana iya sauyawa tsakanin Juma'a da Juma'a, kuma direba ya fi rediyo saurin sani.

Yaushe, kuma a kwana nawa

Hutun makaranta na Disamba ya fi daɗi. Akwai hunturu da hazo, amma rigar sanyi da man shafawa sun magance wannan. Afrilu da Mayu ba lokacin kai yara ba ne: zafi yana wuce digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ke nan. Da damina ƙasar ta fi kyau a ido, sai dai sauro.

Tafiyar kuma a raba ta biyu, a kwana Katsina. Na san akwai mai cewa ai in aka yi sammako za a iya shiga Maraɗi a yini guda. Ana iyawa. Mu ma haka muka ce a karon farko. Muka isa tasha ƙarfe takwas, mota ba ta cika ba sai goma da rabi, taya ta yi faci bayan Funtuwa, muka shiga Katsina ana kiran magariba. Ina ta ƙoƙarin neman motar Jibiya, sai Hajiya surukata ta zauna kan akwatinta ta ce, "Malam, ni dai nan zan kwana. Wanda ke sauri ya yi gaba." Ita ta fi ni hankali. Hanyar Katsina zuwa Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga, ba hanyar da ake bi da iyali bayan la'asar ba ce, balle da duhu.

A tashar Kawo

Motocin Zariya da Kano da Katsina a Kawo ake samunsu. Ka je da yamma kwana ɗaya kafin tafiya, kai kaɗai, ka ga motocin da ke kan layi, ka ji kuɗi, ka karɓi lambar ɗan kamasho. Washegari ku iso kafin ƙarfe shida da rabi don ku samu motar farko. Motar farko takan cika da wuri, ta biyu kuwa sai yadda hali ya yi.

Akwai bas mai cin mutum 18, akwai Sharon, akwai ƙananan motoci. Ga mutum shida, ka lissafa kuɗin kujerunku da na kaya, ka kwatanta da shatar Sharon guda. Sau da yawa ratar ba ta da yawa, kuma mai shata shi ke cewa a tsaya yaro zai yi fitsari. In bas ɗin za ku shiga, ku saye layi guda cur, na bayan direba ko mai bi masa, kada ku yarda da kujerar ƙarshe, nan gargada ta fi duka. Yaron da ya wuce shekara huɗu a saya masa kujerarsa. Awa shida da yaro a cinya, kuɗin da aka yi tattali a kan man zafi zai ƙare. Tsohuwa a ba ta gefen taga, kusa da ƙofa.

Ka dubi tayoyi da idonka kafin ka biya. A gama cinikin kuɗin kaya kafin a ɗaure su, in an riga an ɗaure, bakinka ya mutu. Takardar da ake zagayawa da ita a rubuta suna da lambar ɗan uwa, ka cika ta da gaskiya. Sannan ga wata doka da ba na sassautawa: ba na karɓar saƙon da ban buɗe na gani ba. Za a zo maka da "don Allah Alhaji, ɗan ƙunshin magani ne, a miƙa wa wane a Maraɗi". Ƙwayoyi irin su tiramol ta wannan hanya ake fataucinsu, kuma a bakin iyaka wanda aka samu abu a jakarsa shi ne mai shi.

Jakar hannu ta ƙunshi ruwa, dabino, biskit, soyayyen nama ko dambu, leda don mai amai, buta, zane guda na shimfiɗa, farasitamol na yara, gishirin gudawa na ORS. Magungunan Hajiya na hawan jini a bar su cikin kwalinsu tare da takardar likita. Kada a cika wa yara ciki da koko da ƙosai da asuba. Shayi da burodi kaɗan ya isa.

Hanyar ita ce Zariya, Giwa, Funtuwa, Bakori, Malumfashi, a faɗa titin Kano zuwa Katsina, a wuce Kankiya da Charanci. Ta haura kilomita 300, awa biyar zuwa shida in babu tsautsayi. Funtuwa ce wurin tsayawa cin abinci da kama ruwa. Tafiya ce ta ƙasaru, in ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. In kun isa Katsina da sauran rana, ku kai yara su ga hasumiyar Gobarau, ku kwanta da wuri.

Sefa da lissafin dala

A Katsina za ka canji kuɗi, ko a Magama bakin iyaka. Na fi son Katsina, a zaune cikin shago, ba a tsaye cikin turmutsutsu yara na ja maka riga ba. Ka tambayi mutum uku kafin ka canza. Kada ka dogara da katin banki, kuɗi a hannu shi ne. Takardun sefa akwai ta 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. Ka nace a haɗa maka da ƙanana da sulalla, don mai fura ba ta da canjin dubu goma. Ka kuma duba a tabbatar sefar Afirka ta Yamma ce, domin ta Kamaru da Chadi daban take, ba ta ciniki a Nijar.

Yanzu ga inda baƙo ke faɗawa rami. Mutanen Nijar ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya in suna Hausa, da dala suke ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Dala ashirin ita ce 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500. Dubu ɗaya sunanta jika. Sau da yawa ma ba a faɗin kalmar dala, lambar kawai za ka ji. Ranar da na fara sauka Maraɗi na tambayi ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, nawa zai kai ni kasuwa, ya ce ɗari. Na ji daɗin araha. Muna isa na ciro sulen da aka rubuta 100 na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, wagga ai dala ashirin ta. Daga Najeriya kake ko?" Duk abin da aka faɗa maka, ka ninka biyar a zuci, in kana shakka ka ce a rubuta maka a waya. Babbar 'yata ta riga ni ƙwarewa, kafin kwana biyu ita ke yi wa uwarta ciniki.

Tsallaka iyaka

Ku bar masauki ƙarfe bakwai. A tashar motocin Jibiya akwai masu tsayawa Jibiya ko Magama, akwai masu wucewa har Maraɗi. Mai iyali ya nemi mai wucewa kai tsaye, ko da ya fi tsada, don sauke kaya da sake lodi a bakin iyaka da yara wahala ce. Ka gaya wa direba tun a tasha cewa za ku buga hatimi a fasfo, ya san zai jira ku. Yawancin fasinjojinsa 'yan yankin ne masu shiga da fita kullum, in ba ka faɗa ba zai yi ta matsa maka hon. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, hanya takan cushe, in da hali a kauce mata.

Katsina zuwa Maraɗi wajen kilomita 90 ne, amma shingaye sun yi yawa, kada ka auna tafiyar da tsawonta. A shinge direba ke magana. Kai naka gaisuwa, in an tambaye ka ka amsa a taƙaice.

A Magama za ku sauka ku shiga wurin jami'an shige da fice. Kai za ka riƙe fasfo duka, iyali na bayanka, don ana son ganin fuskar kowa. Za a tambayi inda za ku da kwana nawa. A buga hatimin fita, jami'an lafiya su duba katin shawara, kwastan su leƙa kaya. Kafin ka bar gaban tebur ka buɗe kowane fasfo ka ga hatimin da kwanan watan da idonka. Daga nan sai ɓangaren Nijar, a Ɗan Isa. Can za ka ji sunaye sun sauya: kwastan su ne duwan, akwai 'yan sanda, akwai jandarma a kan hanya. Takardunsu da Faransanci ne amma da Hausa za a yi maka magana. Za su so sanin gidan wanda za ku sauka, don haka ka riƙe sunan mai masaukinku da unguwarsa da lambarsa a rubuce. Lambobin Nijar da +227 suke farawa. In an ce ka biya wani abu, ka tambaya cikin ladabi na mene ne, ka nemi rasit. Ɗaga murya ba ya rage ko dala.

A ja wa yara kunne tun a mota: ba a ɗaukar hoto ko bidiyo a bakin iyaka, ko shinge, ko kusa da soja. Wayoyi su shiga jaka har a wuce. 'Yan "kawo in taimaka maka" masu kewaye baƙo kuwa, kada fasfonka ya shiga hannun wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan tebur. Haka masu babur da za su ce akwai hanya ta daji da ba ruwanka da kowa. Wanda ya shiga ba hatimi, a kowane shinge na gaba shi mai laifi ne.

Agogo ba ya canzawa, lokacinmu ɗaya. Layin wayarka zai ɗauke ko ya koma cin kuɗi da yawa jim kaɗan bayan iyaka. A Maraɗi ka sayi layin Airtel na can ko Moov ko Zamani, da fasfonka ake rajista. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, ka sayi adafta tun a Kaduna.

A gefen hanya za ku riƙa hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021. Ranar da ya fara aiki rabin wannan bayanin nawa ya zama labari.

Maraɗi zuwa Tsibiri

Tsibiri tana arewa maso yamma da Maraɗi, kan babban titin da ya nufi Gidan Rumji da Birnin Ƙonni har Yamai, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A takardun gwamnati Tibiri ake rubutawa, kuma akwai wata Tibirin a jihar Doso, saboda haka ka ce Tsibirin Gobir. Tasi ko adaidaita za ka yi shata, ka karɓi lambar direban don komowa. Wanda ba shi da dangi a garin ya kama masauki a Maraɗi, ya je da safe ya dawo da yamma.

Yaro ba zai ga abin kallo a garin ba in ba a ba shi labari ba, don haka ni a mota nake farawa. Gobirawa sun zauna Birnin Lalle kafin su gangaro su kafa Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa ba su sallama ba, suka yi ta gwabzawa har yaƙin Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi galaba, Sarkin Gobir Ali ya faɗi. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri, kusa da Katsinawan da su ma suka bar birninsu suka kafa mulki a Maraɗi. Daga baya wani reshe na gidan ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wadda yau take jihar Sakkwato. Gida ɗaya ne Turawa suka ja layi a tsakiyarsa, Faransa ta ɗauki rabi, Ingila ta ɗauki rabi. Kirarin "Gobir gidan faɗa" ba a banza aka samo shi ba.

Fada ita ce wurin zuwa na farko, kuma da hantsi, lokacin da ake zaman fadanci. Kada ka doshi ƙofa kai tsaye. Ka sami dattijo daga gidan da kuka sauka ya yi muku jagora, ko ka yi sallama da dogarai ka faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa, maza da hula, mata da mayafi, a durƙusa a yi gaisuwa. Hoto sai an nemi izini. Ka tanadi ɗan goro na dogarai da makaɗa, 'yan jika-jika a aljihun gaba. In ka samu dattijon fada mai son magana, ka tambaye shi Taran Gobir, manyan da ke zaɓen sarki, da sarautar Inna, wadda mace daga gidan sarauta ke riƙewa. Abin da za ka ji a rabin awa ya fi na littafi armashi.

Sauran yinin na zumunci ne. A tafi da tsaraba: atamfa, turare, sabulu, takalman yara. Gida-gida za a zaga da ku, kowane gida kuma sai an kawo hura, kada ka cika ciki a gidan farko. Yara su sha ruwan leda ko na gora, furar ma a tambaya da wane ruwa aka dama, cikin dabara. Kunnenka zai ɗan yi aiki, don za ka ji "mi kaka so", da "lahiya lau", da "ya zaka" maimakon ya zo, da "ɗiya" a inda muke cewa yara. Autana ya tsaya yana kallon wata tsohuwa mai zube tun daga gefen baki har kunne, ya ce da ƙarfi, "Abba, irin na Hajiya!" Tsohuwar ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta, ta ce ya ƙirga. Ya kai biyar ya rikice, ta ce to sai ya kwana nan har ya iya.

In da sauran kwana, babbar kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a ta fi cika, kuma tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewayensa ba su da nisa da hanyar komowa.

Komowa

Yadda aka shiga haka ake fita, da safe, da hatimin fita a Ɗan Isa da na shiga a Magama. Wanda ya tsallake hatimin fita, a takarda yana nan cikin Nijar, kuma sai tafiya ta gaba zai gane kurensa.

Dangi za su so haɗa muku kaya, a nan sai ka yi taurin kai. Tun Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa, Najeriya kuma ta hana shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa. Buhun geron da kawu ya bayar don Allah zai iya tsayar da motarku awa biyu, ƙarshe a sauke shi. Kilishi, cuku, dabino da tabarma daidai tsaraba ba su da matsala. Sauran sefar da ta rage ka canza ta a Magama ko Katsina, sulalla kuwa ka rabar ko ka kashe su tun a can, 'yan canji ba sa karɓa. In kun baro Maraɗi ƙarfe bakwai kuka shiga Katsina kafin sha ɗaya, za ku iya kama motar Kaduna ku sauka Kawo da sauran haske. In azahar ta riske ku a Katsina, ku sake kwana.